Ranar da Aka Buga Ƙarfen Ƙauyenmu a Cikin Gari

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan manta da ranar da cocinmu na Angilika ya yi bikin tunawa da kafuwarsa a Birnin Gwari ba. Bari in fara da waɗanda suke wurin, don kada wani ya ce na ƙara gishiri. Akwai Acidikin, wato babban limamin da ke kan limaman yankinmu, wanda ya taso takanas daga Kaduna. Akwai Rabaran, limamin cocinmu, yaro sabon zuwa, mai yawan fara'a da yawan tambaya. Akwai Katikis mai koyar da addini, da Wodin mai riƙe da makullan coci, da 'yan kwaya cikin dogayen rigunansu. Akwai mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi da aka gayyata, cikinsu har da Hajiya, wadda muka fito ƙauye ɗaya, gidanta kuma na jikin katangar cocin. Akwai Baba mai ƙararrawa. Sai ni, Uwar Zumuntar Mata, mai wankin fararen zannuwan bagade, wato teburin sujada na gaban coci. Ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa, amma idona bai taɓa yaudarata ba. Ƙafata ce ta ba ni kunya a ranar.

Cocin cikin gari ba shi ne na farko ba. Uwar cocin tana can ƙauyenmu, bakin daji, ta wajen Randagi. A gindin wata ɗorawa aka fara sujada, zamanin iyayen mijina, da wani Katikis mai zuwa a kan keke. Daga nan aka yi rumfar kara, aka yi ginin ƙasa, aka sa kwano. Sai daga baya malaman makaranta da ma'aikatan hanya suka kafa na cikin gari, ya girma ya fi uwarsa, har aka ajiye masa Rabaran. Mu a ƙauye ba mu taɓa mallakar ƙararrawa ta gaske ba. Abin da muke da shi wani ƙarfen tayar babbar mota ne, wanda makanikai ke ce wa rim, da wani direban motar katako ya bar mana. Aka rataye shi a ɗorawar, Baba kuma shi ke buga shi da guntun rodi tun yana saurayi. Bugun sujada a hankali ne: ka buga, ka jira ƙarar ta mutu, sannan ka sake.

Da mutanen daji suka fara shigowa ƙauyuka da bindigogi, sai dattawanmu suka zauna da liman da mutanen masallaci, aka ba ƙarfen aiki na biyu. Idan aka ji shi a hankali, Kirista su tafi addu'a. Idan aka ji shi da sauri ba tsayawa, to kowa ya bar abin da ke hannunsa ya shige cikin dawa, Kirista ne ko Musulmi. Ranar da suka zo mana, da hantsi, Baba ya tsaya a gindin ɗorawar yana bugawa har ƙauyen ya zama wayam. Kusan dukkanmu mun tsira. Matarsa ce ba ta fito ba. Muka taso zuwa cikin gari, uwa ta dawo zaman gidan 'yarta, aka bar ƙarfen a can. Baba aka ba shi ɗan ɗakin ajiya a jikin coci, yana shara, yana buɗe tagogi, muna ci gaba da ce masa mai ƙararrawa, alhali cocin gari da lasifika yake kiran mutane.

To, wannan ɗakin shi ne maganar. Wodin ya daɗe yana faɗa a taron kwamiti cewa Baba ya tsufa, sharar ma sai an bi bayansa, coci kuma na bukatar wurin ajiye kujeru da janareta. Ba mugun mutum ba ne Wodin, mutum ne da ba ya son ganin abu babu amfani. Amma Baba ba shi da ɗa, ba shi da jika, in ya bar ɗakin nan babu inda zai sa kansa. An ce a bari sai bayan biki a yanke magana.

Rabaran ya san da wannan, kuma yana son Baba. Gabanin bikin ya yi ta bin tsofaffi gida-gida yana tambayar tarihi: wa aka fara yi wa baftisma, wa ya ba da filin, su waye Katikis ɗin da suka yi aiki, wa ya hau ya buga kwano. Kowa ya ba shi amsa da daɗin rai. Har labarin direban motar katako an ba shi. Amma da an iso shekarar tasowarmu, sai a ce masa, “Sai muka taso,” a miƙa masa ruwa. Mu mutanen ƙauyen haka muke, ba ma taɓa maganar wannan hantsi, ko tsakaninmu. Katikis da Wodin kuwa 'yan gari ne, ba su san komai game da bugu na biyu ba. Rabaran ya tafi da tarihinsa yana ganin ya cika.

Ranar biki na tashi da ɓacin rai, domin babban farin zanen bagade ya ɓace. Ni na wanke shi, ni na goge shi, ni na ninke shi. Na tambayi Katikis.

“Malam, ina zanena?”

“Mama, Rabaran ne ya ɗauka.”

“Ya kai shi ina? Bagade ya yi ƙafa ne?”

Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, akwai abin mamaki. Ni kuwa ba na son abin mamaki a gidan Allah. Da na fita haraba sai ga zanena a gindin mangwaro, an lulluɓe wani abu da aka rataye a reshe, ƙasan zanen har yana taɓa ƙasa. Zan nufe shi ke nan aka fara waƙar shiga, dole na koma. A bakin ƙofa na ga Baba cikin wankakkiyar riga, hannayensa biyu a bayansa, ya damƙe ɗaya da ɗaya.

“Baba, lafiya?”

“Lafiya lau, Uwar Zumunta.”

“Ka karya kuwa?”

“Zan ci,” ya ce, bai dube ni ba.

Daga baya na ji cewa Rabaran ya roƙi 'yan acaɓan da ke kai manoma gona a ɓoye, suka kwance ƙarfen daga ɗorawar suka kawo masa. Sai da safiyar nan ya gaya wa Baba cewa shi zai buga shi a gaban Acidikin, don babban baƙo ya ga cewa tsohon nan shi kansa tarihin coci ne, ba abin fitarwa daga ɗaki ba. Baba ya ce, “To.” Mutanenmu na dā ba sa ce wa limami mai farin kwala a wuya a'a. Kuma ya san ɗakinsa ake ƙoƙarin ceto.

Aka gama sujada aka fito haraba, ƙarƙashin rumfuna. Tukwanen shinkafa na gefe, matan Zumunta na tsaye da ludaya. Ni an zaunar da ni a layin gaba, dab da Acidikin. Rabaran ya riƙe makirufo ya karanta tarihi tun daga ɗorawa da keke, ya ambaci ma'aikatan coci na dā ɗaya bayan ɗaya, ana tafi. Sannan ya ce yau za mu ji muryar da ta fara kiran kakanninmu gaban Allah. Ya gayyaci Acidikin ya yaye zanen.

'Yan gari suka yi tafi da guɗa. Mu 'yan ƙauye babu wanda ya ɗaga hannu. Na waiwaya na ga Hajiya ta dafe ƙirji. Na so in yi magana, amma ban san me zan ce ba, kuma ban san wa zan ce wa ba. Ga shi ƙarfenmu ne, ga tsatsarsa, ga ɗan tsagun nan na gefensa, kamar ka ga ɗan'uwan da ka daɗe da fid da rai da shi. Farin ciki zan yi ko kuka? Ina cikin wannan Acidikin ya dawo kujerarsa, Baba ya karɓi guntun rodin.

Ya buga na farko, a hankali, yadda ake bugun sujada. Ƙarar ta ratsa ni har cikin ciki. Ya kamata ya jira ta mutu. Bai jira ba. Na ga kafaɗarsa ta yi wani irin motsi, idonsa ya rufe, sai hannun ya tafi shi kaɗai, kwang-kwang-kwang-kwang, babu tsayawa, irin bugun da ya yi na ƙarshe a gindin ɗorawa.

A nan ne har yau kaina ke ɗaurewa. Ina kallonsa da idona. Na san biki muke yi. Na san a cikin gari muke, rana tsaka, na san wanda ya rataye ƙarfen, har zanena na gani a hannun Katikis. Duk da haka sai na tsinci kaina a guje. Ni da gwiwa ba ta barina in durƙusa a bagade sai an kama ni, na tsallake benci. Kuma ba ni kaɗai ba, na damƙo Acidikin ta babbar rigarsa ina ja.

“Taso, ranka ya daɗe! Taso!”

Ya taso kuwa. Mutum mai jiki ne, amma ya yi gudu. 'Yan ƙauyenmu duk sun watse, masu goyo sun suri 'ya'yansu, wasu sun suri na wasu. 'Yan gari ba su san dalili ba, amma a ƙasarmu in ka ga mutane na gudu ba ka tsayawa tambaya. 'Yan kwaya suka bi ta kan kujeru da rigunansu. Mai unguwa ya bar hularsa. A bayan katanga, inda 'yan gudun hijira na ƙauyenmu suka fi yawa, waɗanda ba su ma zo bikin ba suka ji ƙarfen da suka sani, suka fita daga gidajensu. Masu shaguna suka fara jan ƙofofi.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga mu a madafar Hajiya: ni, da ita, da Acidikin, mun tsuguna bayan turmi da buhun masara, kaji na ta kuka a kanmu. Muna haki. Acidikin ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

“Mama, su waye?”

“Su ne mana.”

“Kin gan su?”

“Ban gan su ba.”

“To wa ya gan su?”

“Ƙarfe ya faɗa,” in ji Hajiya. “Malam, yi shiru don Allah.”

Acidikin ya gyara tsugunonsa. Sannan ya ce, “Amma ai ni na yaye wa ƙarfen nan zane.”

Muka dubi juna, ni da Hajiya. Gaskiya ya faɗa, kuma dukkanmu mun sani, amma babu wadda ta iya miƙewa, domin ƙarar ba ta tsaya ba. Muna jin ta ta saman katanga. Haɗe da ita muna jin Rabaran a lasifika yana cewa jama'a su dawo, babu komai, muryarsa na rawa, abin da ya ƙara sa masu gudu suka tabbata akwai komai.

“Ke,” in ji Hajiya, “ba ku gaya wa yaron nan Rabaran ba?”

“Na zaci dattawa sun gaya masa.”

“Su kuma sun zaci ke. Kai, ku Kiristan ƙauyenmu! Yau ga babban limaminku a madafata, da toka a riga.”

“Gaya masa me?” in ji Acidikin.

Hajiya ce ta gaya masa, a tsugune, cikin 'yan kalmomi. Da ta kai wurin matar Baba sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Abin da ya tashe ni shi ne tunanin cewa Baba ba zai daina ba. A ƙauye sai da ya ga kowa ya fita ya ajiye rodi. Yanzu idonsa a rufe yake, wa zai gaya masa? Na miƙe na koma. Harabar ta zama kamar an yi ruwa da iska: kujeru a kife, takalma ko'ina, tukunya ɗaya ta tuntsure, awaki har sun same ta. 'Yan sa-kai sun iso da bindigoginsu na toka suna tambayar ta ina aka shigo, wanda suka kama duk sai ya nuna wata hanya dabam. Rabaran na tsaye kusa da Baba, makirufo a hannu, yana ta cewa, “Baba, ya isa, Baba, na gode,” amma yana tsoron taɓa shi.

Na je na kama wuyan hannunsa da hannuna biyu. Jikinsa ya jiƙe sharkaf.

“Baba, ya isa. Kowa ya fita.”

Ya buɗe ido ya dube ni, kamar daga nesa.

“Har ita?”

Ni ban iya ƙarya ba, ko ta lallashi. Na ce, “Duk wanda ke nan yau ya fita, Baba.” Ya dubi mangwaron, ya dubi rumfunan, sai ya saki rodin ya zauna a ƙasa da wankakkiyar rigarsa.

Mutane suka dawo kaɗan-kaɗan, wasu na dariya, wasu na kuka, wasu na neman 'ya'yansu. Wata tsohuwa ta gurɗe a ƙafa. 'Yan sa-kai suka yi faɗa sosai, kuma suna da gaskiya, domin a wurinmu ƙararrawar ƙarya ba abin wasa ba ce, wani na iya harbin ɗan'uwansa cikin ruɗani. Wodin ya tsaya a gaban kwamiti, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya ce ya daɗe yana faɗa. Ya ce a kwance ƙarfen nan a jefar, mai ƙararrawar da ba shi da ƙararrawa kuma ba shi da aiki, a nema masa wani wuri. Rabaran ya ce laifinsa ne shi kaɗai, hawaye na zuba, amma sabon zuwa ne, maganarsa ba ta da nauyi tukuna. Na zuba wa Acidikin ido ko zai yanke hukunci. Bai yanke ba. Dole ya kama hanya da sauran rana, don ba a yin yamma a hanyar Kaduna. Ya dai riƙe hannun Baba ya daɗe, ya ce maganar ɗaki ta kwamiti ce, su yi ta da tsoron Allah. Mai unguwa, bayan an nemo masa hularsa, ya ce shi abu ɗaya zai faɗa: kada a sake buga ƙarfen nan ba da sanin mutane ba.

Aka watse ba a ci shinkafar kirki ba. Na koma gida ban san wa zan ji wa haushi ba. Rabaran alheri ya nufa. Wodin gaskiya ya faɗa. Baba bai yi niyya ba, hannunsa ne ya tuna abin da bakinmu ya ƙi faɗa. Ni kaina da nake wa matan Zumunta faɗa kan rashin natsuwa, ni ce na ja babban baƙo zuwa bayan turmi. Abin da na fahimta, kuma shekaru sun ƙara tabbatar mini da shi, shi ne idan za ka ba baƙo tarihin gidanku, ka ba shi har da wurin da ke maka ciwo. In ka ɓoye, zai taka wurin da kyakkyawar niyya, kuma kai za ka fara ihu.

Washegari, da aka fito sallar asuba gari ya fara haske, na ɗaura zanen Zumunta na buga wa Hajiya ƙofa. Na ce mai unguwa bai ce kada a buga ba, cewa ya yi mutane su sani. Ta ce, “Ke dai ba kya gajiya,” ta ɗauko mayafi. Muka bi gidajen 'yan ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, na Kirista da na Musulmi, muka biya ta wurin mai unguwa da shugaban 'yan sa-kai. A kowace ƙofa magana ɗaya nake yi: “Yanzu za a buga ƙarfe, bugun addu'ar safe ne. Kowa ya zauna inda yake. Wanda ya gudu, ni da shi.”

Da na isa coci na tarar da Baba zaune a bakin ɗakinsa, ya ɗaure kayansa duka a buhu guda.

“Ina zuwa?”

“Ban sani ba tukuna, Uwar Zumunta.”

“To kafin ka sani, taso ka yi aikinka. An makara addu'a.”

Ya ce hannunsa ba zai yarda ba. Na ce ba da hannunsa kaɗai za a yi ba. Na kai shi gindin mangwaron, na sa masa rodin, na riƙe wuyan hannun kamar jiya. Muka buga. Nan take na ji hannun yana fizga, yana son ya tafi, ni ma gwiwoyina suna son su tafi. Na danne shi, na danne su. “Jira ta mutu,” na ce. Muka tsaya muna saurare har ƙarar ta sirance ta ɓace cikin kukan zakaru. Muka sake. Ta saman katanga ina hango mata a bakin ƙofofinsu, hannu a ƙirji, amma babu wadda ta motsa. Can sai ga tsofaffin ƙauyenmu suna tahowa a hankali, yadda muke tahowa gindin ɗorawa. Ban san a bugu na nawa na saki hannunsa ba, na dai ga ina tsaye a gefe, shi kuma yana jira, yana bugawa.

Wodin ya iso da makullansa. Ya dubi mutanen da suka taru, waɗanda lasifika ba ta taɓa fito da su addu'ar safe ba, ya dubi Baba, ya dubi buhun. Sai ya buɗe ƙofar coci ya tsaya a gefe don su shiga. Ni kuwa na ɗauki buhun na mayar cikin ɗakin, na kwance bakinsa na shimfiɗa tabarmarsa a inda take. Sannan na je na karɓo farin zanena a wurin Katikis, duk tsatsa da ƙasa, na tafi da shi gida na jiƙa.